Kakin Wasan Makaranta

Litinin, bayan la'asar

Allah ya saka wa gwamnati da alheri. Makarantar su yaron nan nawa ba ta da rufin ajin ƙarshe tun iskar bara, malamin lissafi ya tafi Sakkwato gaida gida bai sake dawowa ba, amma yau an kawo mana abin da ya fi rufi ya fi lissafi: an buɗe kulob na 'yancin ɗan Adam. An gayyaci iyaye. Na rufe rumfar gwanjona na tafi, don ni ba na ƙin abin kyauta. An ba mu ruwan leda, har da sanyinsa.

Babban baƙo wani Insifeto Abdulrazak ne, mutum mai fara'a, haƙora farare kamar bai taɓa sanin goro ba. Ya ce ɗan sanda abokin kowa ne. Ya ce beli kyauta ne. Ya ce ba a dukan wanda aka kama, kuma ba a ajiye mutum fiye da kwana ɗaya ko biyu ba a kai shi gaban alƙali ba. Muka tafa har hannu ya yi zafi.

Wakili, maƙwabcina a kasuwa mai sayar da takalma da jakunkuna, ya matso kunnena ya ce, "Na'Allah, labarin wace ƙasa yake ba mu?"

Na ce, "Yi shiru. Sabuwar dilar gwanjo ce, ba a kai ga buɗe ta ba."

Laraba, da hantsi

Malam Kamalu, malamin da aka ɗora wa kulob ɗin, ya zo rumfa. Yaro ne siriri mai yawan "don Allah". Za su yi wasan kwaikwayo, in ji shi, a kai shi gasar makarantu a Isa. Labarin ɗan sanda ne da ya kama wata mai tuwo-tuwo ba bisa ƙa'ida ba, 'yan makaranta suka karanta masa doka, ya tuba, ya zama na kirki. Ɗiyata Hadiyya ce mai tuwo-tuwon. Ɗan sandan kuwa yaron nan ne, saboda shi ne dogo a ajinsu.

Ɗan farina ne, ba na kama sunansa, ko a takarda hannuna ba ya sakewa. Uwarsa Mas'uda ta fi ni. Tun ranar suna ba ta taɓa faɗinsa ba, "kai wanga" take ce masa.

Kaki Malam Kamalu yake so.

Na ce, "Malam, a garin nan? Ka san waɗanda ke sa kaki in sun fito daga daji?"

Ya ce ai Insifeto da kansa ya kawo shawarar wasan.

Na ce, "Da baki, ko a rubuce?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Baban Marwan, wasan yara ne."

Na tsaya aji uku na sakandare, amma na daɗe a kasuwa. Duk wanda ya ce mini "haba", na san akwai huji a hammatar rigar. Duk da haka na tono baƙin wando da baƙar riga a dilar da ta zo ta Maradi, har da hula irin ta Faransawa mai kwanciya gefe. Yaron yana tsaye yana kallona da ido irin na ranar sallah. Mi za ni ce?

Asabar, bayan azahar

Mas'uda ta ɗinka masa igiya biyu a hannun riga da ƙyallen ruwan ɗorawa. Ya sa ya fito tsakar gida, awaki suka watse. Ya ƙame ya sara mata. Ta juya baya tana dariya a cikin mayafi.

Na leƙa wurin gwajin wasan a makaranta. Insifeto ya zo. Da hannunsa ya gyara wa yaron hula, ya karkata ta ya ce, "Haka muke sa ta, kofur." Na gani da idona. Na rubuta nan don kada wata rana a ce mafarki na yi.

Alhamis, da safe

Sun tafi Isa a motar haya, su da Malam Kamalu.

Alhamis, gab da magariba

Motar ta dawo. Kowa ya sauko ban da yaron nan.

Juma'a, bayan masallaci

Ga yadda Hadiyya ta ba ni, bayan ta iya magana. A wani shinge na kan hanya aka tsayar da su. Ba za ni rubuta ko wane ba, takarda tana da ƙafa. Jakunkuna sun cika bayan mota, amma ɗan sandan shingen bai taɓa ta kowa ba, kai tsaye ya ce, "Ta wa ce shuɗiyar can?" Ya zazzage ta a kan titi. Riga, wando, hula. Aka ce yaron ya sauko. Malam Kamalu ya yi bayani, aka ce ya koma mota ko shi ma ya sauko ɗin gaba ɗaya. Ya koma mota.

Hadiyya ta ce ta leƙa ta taga ta faɗa musu cewa doka ta ce sai an gaya wa mutum laifinsa. Ɗaya ya tambayi direba, "Wannan ɗiyar wa ce?" Direba ya ja mota.

Shuɗiyar jaka. A cikin jakunkuna fiye da goma. Wa ya san launin jakarsa?

Wakili ya sani, wurinsa na saye ta.

Malam Kamalu ya sani.

Direba ya sani, shi ya loda.

Asabar, da rana

Na je inda aka ce an kai shi. Na sa babbar riga, na tafi da fura da tuwo a kwano. Wanda ke kan kanta bai ɗago ba.

"Sunansa?"

Na ce, "Yarona ne, dogo, ɗan makaranta, an kawo shi shekaranjiya."

"Malam, sunansa na tambaye ka. Ko ba ka san sunan ɗanka ba?"

Na dubi bango. Akwai hoton da aka manna, irin wanda aka raba a makaranta, an rubuta beli kyauta ne. Na faɗi sunan. Ya ce bai ji ba. Na sake faɗi da ƙarfi, har waɗanda ke kan benci suka waiwayo. Kamar na tuɓe a kasuwa.

Ya duba ya ce ba su da mai wannan suna. Amma ya karɓi kwanon.

Lahadi, da yamma

Kwanon ya dawo a wanke. Mas'uda ta shinshina shi, ta ce ba wankinsa ba ne.

Talata, da hantsi

Na sami Insifeto Abdulrazak. Fara'ar tana nan, ba ta ragu ba ko kaɗan, har kujera ya ba ni. Ya ce abin bai faru a yankinsa ba. Ya ce ba kama yaron aka yi ba, tambayoyi ake yi masa, kuma in yi la'akari da halin da ake ciki: kwanan baya masu kaki suka shiga wani ƙauye wajen Gatawa, mutane suka fito tarbarsu suna zaton jami'ai ne. Wannan gaskiya ne, na san waɗanda aka binne. Ban musa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka gyara masa hular."

Ya ce, "Wace hula?"

Daga nan ya tambaye ni, cikin raha, ko baƙin wando yana tafiya sosai a rumfata. Na ce gwanjo ne, abin da dila ta haifa shi ake sayarwa. Ya ce su wa suka fi saye? Na ce masu ƙafa biyu.

Ya yi dariya. Ni ma na yi. Ban taɓa tambayar mai saye sunan ƙauyensu ba. Babu ɗan kasuwar da ke tambaya.

Laraba, da safe

Babu baƙin wando a rumfata. Ba a taɓa yi ba.

Laraba, bayan la'asar

Shugaban makaranta ya ce makaranta ta amince da wasa, ba ta amince da tufafi ba. Ya ce in kawo kokena a rubuce. Na tambaye shi ko tsirara aka so yaran su yi wasan. Ya ce in kiyaye harshena, nan wurin ilimi ne.

Wakili ya kawo mini shayi har rumfa, bai taɓa yi ba. Ya ce, "Allah shi fid da yaron." Ya zauna ya daɗe, yana ta kallon inda wandunan suke a da. Na sha shayin rabi.

Juma'a, da hantsi

Kwano ya tafi, kwano ya dawo.

Lahadi, bayan azahar

Rigima a gida. Hadiyya ta zo ta durƙusa gabana da littafin kulob ɗinsu, ta buɗe shafi ta ɗora yatsa.

"Baba, ga shi nan. Kwana biyu. Yau nawa? Mu tai wurin alƙali."

Na ce, "Alƙalin zai tambaye su, su ce ba su da mai wanga suna. Sai mi?"

"To ƙarya aka koya muna?"

"Ba ƙarya ba ce. Kaya ne mai kyau, sabo fil. Kasuwarsa ce ba ta ci ba tukuna."

Ta ce ni kullum kasuwa, kasuwa, ko ɗana ma sai na yi cinikinsa. Uwarta ta daka mata tsawa. Na ce a ƙyale ta. Yarinyar ba ta faɗi abin da ba shi ba ne. Abin da ya dame ni, duk abin da ke littafin nan daidai ne, na karanta shi bayan ta fita, babu layin da za ni ce a cire. Mugunta ce a koya wa yaro hanya, a manta a gaya wa masu tsaron hanyar.

Mas'uda ta daina cin abinci sai an tsaya kanta. Tana shanya rigarsa ta makaranta kullum, ba ta jiƙe ba.

Talata, da rana tsaka

Malam Kamalu ya ɓullo ta bayan rumfa, ta wajen masu gawayi. Ya rame. Ya ce ya je inda aka kai yaron sau uku, na ƙarshe aka ajiye shi a benci tun safe har la'asar aka ce ya tafi ya yi tunani. Ya ce ya rubuta wa waɗanda suka kawo shirin kulob ɗin, sun amsa da cewa sun damu ƙwarai.

Ban sani ba ko gaskiya yake faɗi. Idonsa na mai gaskiya ne, amma na sha sayen riga saboda wuyanta.

Har zai tafi ya ce wani abu. Manya za su zo daga Sakkwato ƙarshen mako mai zuwa, bikin rufe shirin, da masu ɗaukar hoto, da na gaba da Insifeto. Makarantarsu aka zaɓa ta nuna wasan. An ce a sami wani yaro ya maye gurbin ɗan sandan, a yi shi da farar riga kawai.

Na ce, "Insifeto yana son wasan nan ƙwarai?"

Ya ce, "Sunansa ne a kan shirin tun farko."

Na ba shi kujera. Na aika a kawo masa fura. Yau ne karon farko da na ji akwai abin da nake da shi wanda wani ke so.

Ranar kasuwa, da yamma

Ban ce wa kowa ya hana ɗansa wasa ba. A rubuta wannan. Ciniki kawai na yi.

Uban wanda aka ba gurbin ɗan sandan ya zo sayen rigar sanyi. Na ce, "Na ji ɗanka ya samu girma, madalla. Ta wace hanya yake bi zuwa makaranta?" Ya ajiye rigar ya tafi.

Uwar wadda ke fitowa a lauya ta zo neman zani. Na ce, "Ɗiyarki akwai baki, masha Allah. An ce har hoto za a ɗauka, kowa ya ga fuskarta tana yi wa ɗan sanda faɗa." Na rage mata kuɗin zanin.

Haka dai, har rana ta faɗi. Ban taɓa yi wa mutane fatan alheri da yawa kamar yau ba.

Alhamis, da safe

Zazzaɓi ya shiga makaranta. 'Yan kulob kaɗai yake kamawa.

Hadiyya ta ce ita lafiyarta lau, za ta je, kuma gaban manyan za ta tsaya ta tambayi inda wanta yake. Na ce in ta tambaya gaban manya, dole su nuna cewa ba su yi kuskure ba, kuma hanyar nuna hakan ɗaya ce, a kai shi Sakkwato a ɗauki hotonsa da kakin a gabansa. Can ta ce, "To kaina na ciwo." Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa da ƙarfin da ba na mai ciwon kai ba.

Asabar, da hantsi

Shiru. Ko na yi wauta? In suka soke wasan fa? In suka ɗauko yara daga wata makaranta?

Wakili ya tambaye ni ko na ji labarin zazzaɓin. Na ce sauro ya yi yawa bana. Ya ce, "Ƙwarai, har da mai rumfa." Ban san ko barazana ce ko yabo ba.

Litinin, bayan azahar

Insifeto Abdulrazak ya zo rumfata cikin farin yadi, wai rigar sanyi yake nema wa ƙaramin ɗansa. Na zube masa zaɓin farko. Yana ɗagawa yana ajiyewa.

"Malam Na'Allah, na ji rashin lafiya ta shiga makaranta."

"Haka muka ji, ranka ya daɗe."

"Mene ne maganinta, a ganinka?"

"Ni ba likita ba ne. Amma na ji yaran na cewa sun saba da ɗan sandansu. In ba shi, maganar ba ta zo musu."

Ya ɗaga wata ja ya duba ɗinkinta. "Ka san ba a hannuna yake ba."

"Na sani. Ai ba a hannun kowa yake ba, an gaya mini a kanta. Shi ya sa nake ganin ba wanda zai yi asara in ya dawo."

Ya daɗe yana kallona. Fara'ar ta sauka, na ga fuskar da ke ƙasa, kuma wallahi ba ta mugu ba ce, ta mai tsoron na sama da shi ce. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Ya ce nawa ja ɗin. Na ce ya ɗauka. Ya ce a'a, sai ya biya, doka ta hana. Ya biya.

Laraba, gab da la'asar

Wani mai babur ya sauke shi a bakin tasha ya juya. Ba takarda, ba sa hannu, ba beli. Gaskiyar Insifeto, kyauta ne.

Ya shigo gida da ƙafarsa. Mas'uda tana tankaɗe. Ta ɗago, rariyar ta faɗi, ta ce, "Marwan." Sau ɗaya, a gaban kowa. Ba wanda ya dube ta.

Alhamis, da safe

Da hagu yake shan kunu. Na ce ba komai, malamai sun yi rangwame ga mai lalura.

A kife yake kwanciya. Ban tambaya ba. Bai faɗa ba.

Zazzaɓin makaranta ya sauka.

Asabar, bayan an tashi daga biki

An kafa rumfuna, an yi wa ajin da ba rufi labule don kada ya shiga hoto. Manya sun zo da rakiyar motoci. Wani kurtu ya miƙo wa Malam Kamalu baƙar leda, an rubuta lamba a jikinta da jan alƙalami. Kakin ne. Igiyoyin Mas'uda suna nan.

Na ce wa yaron in ba ya iyawa a bari, za ni san abin da za ni faɗa. Ya karɓi ledar.

A gwaji, da ihu yake yin rabin farko, yana zare ido, yara na dariya. Yau bai ɗaga murya ba. Ya zagaya Hadiyya a hankali, ya ture tiren tuwonta da ƙafa, ya ce, "Zauna ƙasa." Ta zauna. Ya tsuguna daidai kunnenta. "Wa ya aiko ki? Ba ki sani ba? Ba komai. Muna da lokaci." Babu wannan a wasan. Ya miƙe ya tsaya bayanta, inda ba ta ganinsa. Ya daɗe. Filin nan kaf ba mai tari. Kukan da Hadiyya ta yi ba na wasa ba ne.

Na waiwaya. Ƙananan 'yan sandan da ke tsaye a baya, biyu suna kallon takalmansu.

Sai 'yan makaranta suka shigo da littafinsu suka karanta masa doka har ƙarshe. Ya tuba. Ya ce beli kyauta ne, ɗan sanda abokin kowa ne, kamar mai karanta allon kan hanya. Manya suka miƙe suna tafi.

Babban cikinsu ya ba shi takardar yabo, ya kama hannun damansa ya girgiza da ƙarfi. Yaron bai ko motsa fuska ba.

Da za mu tafi, Insifeto ya ce a bar kakin a wurinsu. Na ce, "Yaron fa, ranka ya daɗe? An gama?"

Ya ce, "Yaro naka ne. In an buƙace shi, ai mun san rumfar."

Lahadi, da hantsi

Wakili ya zo barka da kwalin sukari. Na karɓa. Har yanzu ban san wa ya nuna shuɗiyar jaka ba, kuma na lura na fara gaida kowa da hannu biyu.

Hadiyya ta ce ba za ta bar kulob ba. Na ce kada ta bari. Wata rana kasuwar za ta ci, gara a same ta da kaya a hannu.

Jiya babban cikin manyan ya faɗa a lasifika cewa bai taɓa ganin ɗalibin da ya fahimci aikin nan kamar wannan yaro ba, ya tambayi wa ya horar da shi. Shugaban makaranta ya nuna Malam Kamalu. Malam Kamalu ya dubi ƙasa.

Mas'uda ta ce al'ada ce in yaro ya ci kyauta a kai wa malamansa goro. Na sayo, mai kyau, fari, yana nan cikin ganye a gabana. To wace makarantar za ni kai wa?